Maƙalin da Ba Ya Saki

Abin ya kama babban yatsan Mwalimu Luhende tun bai gama yi wa Maman Sayi bayanin yadda yake aiki ba. Ya ji ƙas, ya ji zafin ya haura har gwiwar hannunsa, amma da yake tsohon malami ne, ga shi kuma mace na kallonsa, sai ya ɗaga hannun sama kamar dama haka ya tsara.

"Kin gani ko? Ya kama."

"Na gani, Mwalimu," in ji Maman Sayi daga bakin famfo, inda take ɗauraye zannuwanta. "Yanzu sai ka nuna mini yadda yake saki."

Ya danna wutsiyoyin katakon da ɗaya hannun. Ko gezau. Ya sake dannawa, ya sa haƙori, ya juya wa famfo baya ya matse abin tsakanin gwiwoyinsa. Maƙalin shanyar da ya kwashe watanni yana ƙerawa ya riƙe yatsan nan riƙo na tsakani da Allah, har farcen ya fara sauya launi.

"Wannan ɓangaren ban gama aikinsa ba tukuna," ya ce.

Mwalimu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da aikin katako a wata makarantar sakandare a nan Mwanza, kuma da ya yi ritaya bai ga dalilin daina koyarwa ba don kawai an karɓe masa allo. Mu mazauna gidan hayar Bibi Kwangu mu muka maye gurbin ɗaliban. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji wanda ya fara ƙera agogo. Tun da matarsa Nyanzobe ta rasu ya koma yi wa kansa wanki, sai hankalinsa ya tattara a kan maƙalin shanya. Ya je ɗakin karatu na gari ya yi ta tono, ya dawo mana da tarihin abin daga tushe, kuma babu wanda ya tsira daga jinsa, har mai kawo mana gawayi.

A cewarsa, da farko mutane a kan duwatsu da ciyawa suke baza wanki su danne da dutse, kamar yadda matan bakin tafki ke yi har gobe. Daga baya wani ya tsaga ɗan itace ya soka a kan igiya, wasu na cewa matuƙan jirgin ruwa ne, don iska ta ishe su da kwashe musu riguna. Aka daɗe a haka, itacen yana darewa, yana zamewa, mata suna tsine masa. Sai a shekarar 1853 wani Ba'amurke ya haɗa katako biyu da waya, bayan wasu shekaru wani ɗan ƙasarsu ya nannaɗe wayar ta zama sifirin, abin ya koma buɗe baki da rufewa. A nan Mwalimu kan dakata ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Katako biyu suna nan gefe da gefe tun fil azal," yakan ce. "Waya ma tana nan. Amma sai da aka kwashe wannan zamani duka kafin wani ya ce bari in haɗa su. Daga nan kuma duniya ta koma barci, sai na roba da ake kawo muku, rana ta gasa su su farfashe."

Shi ya yi niyyar tashin duniya daga barcin. Gidanmu a kan tudu yake tsakanin manyan duwatsu, kuma da rana ta take iskar tafki kan hauro ta kwashi shanya ta kai wa kajin maƙwabta. Mwalimu ya sami katako mai tauri, ya ciro sifirin daga tarkon ɓera, ya ƙara wani ɗan harshen ƙarfe da ke kulle abin da zarar ya rufe. Burinsa idan an zo ba da tarihin nan gaba, bayan Amurkawan biyu a ambaci ɗan Mwanza.

Amma ba tarihi kaɗai ya sa ya ƙagu ya gama shi a wannan Asabar ba. 'Yarsa Minza, ma'aikaciyar jinya a Dodoma, tana cikin motar da za ta iso da rana, kuma ta zo ne ta tafi da shi. Ta faɗa masa a waya ba ɓoye-ɓoye: an yi wa ɗaki fenti a saman bene, jikoki suna jira, tsoho kamarsa ba zai ci gaba da zama shi kaɗai ba. Don ta kwaɗaita masa har ta ce suna da injin da ke wanke kaya ya busar da su da kansa, ko igiya babu a gidan. Mwalimu bai taɓa jin labari mai ban tsoro kamar wannan ba. Yana son 'yarsa, amma ba ya son barin bencinsa da ke gindin mangwaro, da kabarin Nyanzobe da yake sharewa bayan an tashi daga coci, da kifin tafki, da kuma wata murya da ke katse shi a bakin famfo kowace safiya, wadda bai taɓa lissafawa a fili ba. Shirinsa shi ne Minza ta shigo ta tarar da farar rigarsa tana kaɗawa a igiya, wankin hannunsa, riƙe da ƙirar hannunsa, ta ga mutum mai iya riƙe kansa.

Ga shi yanzu wankin na jiƙe a baho a ƙarƙashin igiya, ƙirar kuma na rataye a yatsansa.

"Je ka wurin Bundala mai walda kafin yatsan ya mutu," in ji Maman Sayi. Bazawara ce mai soya kifi a kasuwa, ƙofarta na kallon tasa, kuma ita kaɗai ce a gidan ke iya tsayar da shi a tsakiyar jimla.

"Wankina fa?"

"Wanki ba ya gudu, Mwalimu."

Ya dubi bahon, ya dubi gwangwanin madara da ke gefensa, wanda tsofaffin maƙalansa ke ciki, tsagaggun itatuwan da ya sassaƙa wa Nyanzobe tun suna amarci. Da hannu ɗaya ba zai iya shanya ba, kuma bai yi gigin roƙon kowa ba, saboda igiyar gidanmu tana da doka.

Dokar ta samo asali ne daga wani faɗa da aka yi shekarun baya kan satar maƙalai, wanda ya kai ga yaga zani da fasa tukunya. Bibi Kwangu ta yanke hukunci cewa kowace ƙofa ta riƙe launinta: masu ja, masu shuɗi, masu ruwan ɗorawa, Maman Sayi kore, gidan Mwalimu kuwa itace zalla. Satar ta tsaya, amma sai igiya ta zama abin karantawa. Mace na iya ara wa mace, in dai ta ɗaga murya kowa ya ji. Kayan namiji kuwa ba a maƙale su sai da launin matarsa. An taɓa wayar gari an ga wandon wani direban tirela riƙe da jan maƙalin wata tela, kafin damina ta fita mun ci shinkafar bikinsu. Wani kuma da aka ga rigarsa da shuɗi alhali matarsa mai ruwan ɗorawa ce, har yau ba mu san garin da ya koma ba.

Mwalimu ya nufi ƙofar gida, hannunsa a sama. Bibi Kwangu na zaune a zaure tana tsince wake.

"Baban Minza, zoben aure ne wannan?"

"Bincike ne, Bibi."

"To Allah ya ba binciken lafiya."

Bundala tsohon ɗalibinsa ne, kuma da ya ga abin da ke gangarowa daga tudu sai ya kashe injin walda ya ture gilashinsa sama don ya ƙare masa kallo. 'Yan acaɓa da ke jiran fasinja a gefen rumfar suka matso su ma.

"Mwalimu, wane mugun ne ya yi maka wannan?"

"Ni ne."

"To da ɗalibi ne ya kawo maka shi, maki nawa za ka ba shi?"

"A fannin riƙo ya ci jarrabawa. Kai dai buɗe shi, ban zo taɗi ba."

Bundala ya jujjuya hannun, ya ce abu mafi sauƙi shi ne ya sa zarto ya raba katakon. Mwalimu ya fizge hannunsa. Ya ce yatsa yana warkewa, amma katako irin wannan sai an tona. 'Yan acaɓa suka shiga ba da shawara. Ɗaya ya ce a kai wa 'yan sanda samfuri, sun huta sayen ankwa. Wani ya tambaya ko za a iya yi masa babba daidai bakin surukarsa. Mwalimu ya fara yi musu bayanin Ba'amurken farko, amma bai kai ga na biyu ba, don Bundala ya sa filaya biyu, ya taka benci da ƙafa, ya ɗaga ɗan harshen ƙarfen da ƙyar. Abin ya buɗe, jini ya koma yatsan gaba ɗaya, tsohon malamin ya faɗi wata kalma da Bundala bai taɓa ji daga bakinsa a aji ba.

Ya jefa maƙalin a aljihu. A kemis ɗin kusa yarinyar da ke wurin ta naɗe masa yatsan da bandeji har ya koma kamar dafaffen rogo. Kafin a gama duk wannan rana ta yi sama, babu halin komawa gida. Ya shiga daladala, motar hayar cikin gari, ya nufi tasha, zuciyarsa na wurin bahon da ya bari.

Minza ta sauko daga mota da jaka a kafaɗa da wani kwali a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi a nan cikin ƙurar tasha kamar yadda uwarta ta koya mata, ya amsa da hannu ɗaya a bayansa. Ba ta ko gama miƙewa ba ta ce, "Baba, kawo hannun."

"Wane hannu?"

"Kana da uku ne?"

Ya miƙa. Ta latsa, ta shinshina bandejin, ta tambayi abin da ya cije shi. Ya ce ba cizo ba ne, gwaji ne, kuma gwajin ya yi nasara fiye da yadda aka zata. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi damunsa ke nan, don Minza mai dariya ana iya shawo kanta.

A cikin daladala, suna matse tsakanin wata mai kwandon ayaba da wani mai tayar keke, ta fara jero masa laifuffukansa a hankali, da muryar da take yi wa marasa lafiya magana. Butar shayin da ya manta a kan wuta har ta huje. Zamewar da ya yi a kan dutse da damina bai gaya wa kowa ba sai a bakin Bibi Kwangu ta ji. Yanzu kuma ga yatsa.

"Butar nan dama ta tsufa," ya ce.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Ina tsaye a kan mara lafiya, hankalina na nan, ina tunanin ko ka ci abinci. Idan wani abu ya same ka, wa zai sani? Wa kake da shi a nan?"

Mai ayaba ta juyo tana jiran amsa, kwandastan ma haka. Mwalimu, mutumin da ke da amsar kowace tambaya har da waɗanda ba a yi masa ba, ya buɗe baki ya rufe. Akwai suna a kan harshensa, amma ba shi da ikon faɗarsa, don bai taɓa cewa da mai sunan komai ba sai tarihin katako da waya. Ya juya ya kalli tafki ta taga, ruwan na ƙyalli tsakanin duwatsu, ya ji baƙin ciki ya cika shi. Ya san abin da ke jiransu a gida: baho cike da jiƙaƙƙun kaya sun fara tsami a rana, ƙudaje na yawo a kai. Da Minza ta gani magana ta ƙare, gobe war haka yana hanyar Dodoma.

Ya hau tudun gidanmu a hankali, yana tsayawa nuna mata duwatsun da ta sani tun tana rarrafe. Duk da haka ƙofar ta iso.

Abin da ya fara lura da shi shi ne kowa na tsakar gida. Da rana tsaka irin wannan mutanen gidanmu ɗaka suke shigewa, amma ranar kowa ya sami aikin da ba ya yiwuwa sai a waje. Mai jan maƙali na wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Mijin mai shuɗi na gyaran rediyon da ke magana lafiya lau. Bibi Kwangu ta dawo da kujerarta daga zaure ta dasa a inda za ta ga komai, waken nan dai bai ƙare ba.

Sai ya ɗaga kai. Farar rigarsa na kaɗawa a igiya, an karkaɗe ta an juya cikinta waje don kada rana ta ci wuyan. Ga wandunansa a jere, ga singileti, ga zanin gado. Ƙananan kayan da ba a ambata an lulluɓe su da tawul kamar yadda matan aure ke yi. Iskar tafki na ta fizga, babu abin da ya motsa daga wurinsa. Kowane ɗaya riƙe yake da koren maƙali.

Minza a gidan nan aka haife ta, ta iya karatun igiya tun kafin ta iya na allo. Ta ajiye kwalin a ƙasa. Ta dubi rigar, ta dubi ƙofar Maman Sayi, ta dubi ubanta. Fuskarta ta yi wani iri, don a daidai wurin nan na igiya ta saba ganin itatuwan uwarta, kuma ta ji abin har zuci. Ta ɗan jima a haka. Sannan kafaɗunta suka sauka, kamar wadda aka karɓar wa tulu bayan doguwar tafiya.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "me ya sa ka bar ni ina ta zuba a mota?"

"Tsaya, Minza. Asalin abin shi ne..."

"Baba, don Allah yau ban da asali."

"Ai dole ki ji yadda aka faro. Da safe ina tsaye a nan..."

"Baban Minza," in ji Bibi Kwangu ba tare da ta ɗaga kai daga tirenta ba, "yarinya ta kwana a mota. Idan ka faro daga asali har dare ba mu kai ga jirgin ruwa ba."

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Wannan ne karo na farko a rayuwar Mwalimu da yake da bayani gajere kuma mai amfani, sai ga shi bayanan baya sun cinye masa masu sauraro. Minza ta buɗe kwalin, ta ciro inabin Dodoma da ta kawo masa, ta zaɓi nonon da ya fi kyau, ta nufi ƙofar Maman Sayi. A can ta durƙusa, kuma duk mun ga durƙuson ya fi na gaida maƙwabciya tsawo. Maman Sayi ta karɓi inabin, ta tambayi hanya da yara da maigida, fuskarta fes kamar kullum. Ko sau ɗaya ba ta kalli igiya ba.

Ba a jima ba aka aiko da ugali, tuwon masararmu, da soyayyar karfasa daga ƙofar kore. Minza ta ci da daɗi, ta cire wa ubanta ƙaya saboda yatsan, tana ta magana. Ta ce ɗakin bene ba zai yi asara ba, yara sun samu wurin wasa. Ta ce sharaɗinta ɗaya, a je coci a ga fada a yi abu yadda ya kamata, kada a bar maƙalai su riƙa sanar da abin da coci ba ta sanar ba. Da ta tashi wanke hannu sai ta ga gwangwanin madara a kan tagar ɗakin, ta buɗe, ta daɗe tana juya tsagaggun itatuwan da hannun uwarta ya goge har suka yi santsi.

"Zan tafi da kaɗan daga cikin waɗannan."

"Ki yi me da su? Kin ce ko igiya ba ku da ita."

"Zan ɗaura," ta ce, ta share ido da bayan hannu.

Mwalimu ya sami abin da yake so, amma kifin bai yi masa daɗi ba. Shi mutum ne da ya taɓa tsayar da fada a ƙofar coci don ya gyara masa shekarar da aka gina ta, yau ga shi ya zauna a kan kuskure yana cin tuwo. Abin da ya fi cin ransa shi ne sunan da aka biya masa wannan zama da shi ba nasa ba ne, na Maman Sayi ne. Mace ta ga wankin maƙwabci zai lalace ta taimaka, cikin sauri ta ɗebi abin da ke hannunta, yanzu kafin gobe labarin ya isa kasuwar kifi. Ya san abin da ya kamace shi, ya kuma san ƙarshensa mota ce mai zuwa Dodoma.

Da la'asar, gajiyar hanya ta kwantar da Minza, mutanen gida kuma sun gaji da jiran abin kallo sun watse. Maman Sayi ta fito da baho tana kwashe shanya. Mwalimu ya gyara wuyan rigarsa ya isa wurinta.

"Maman Sayi, na zo ba ki haƙuri."

"Me ka fasa?"

"Kin yi mini alheri, alherin ya jawo miki magana. Na san sauri ne ya sa, ba ki lura da launin ba. Idan Minza ta tashi zan tara mutanen gida in warware komai, a taƙaice. Sunanki ya fi zamana a Mwanza."

Ta cire kore ɗaya daga kafaɗar farar rigar ta jefa a aljihun zaninta, ta cire na biyun, ta karkaɗe rigar.

"A taƙaice, kai?"

"Zan yi ƙoƙari."

"Mwalimu, ina ka bar gwangwaninka da safe?"

"A nan, gefen baho."

"Ina ka same shi?"

Ya waiwaya ya dubi tagar ɗakinsa.

"Ni na ɗauke shi na kai can," ta ce, tana ninke hannun rigar a kan ƙirjinta. "Yana tare mini wurin tsayawa. Idona kuma lafiyarsa ƙalau, ina zare ƙayar kifi ba tabarau."

"Wato kin..."

"Tun bara nake jin labarin katako biyu da ke zaune gefe da gefe ba wanda ya haɗa su. Na ji a bakin famfo, na ji a gindin mangwaro, na ji ina da zazzaɓi. Na ce in na tsaya jiran Ba'amurke, za a sa ka a mota ina kallo."

Kunya da murna suka haɗe wa Mwalimu, har ya manta da zugin yatsan. Ya tsaya yana kallon igiya. Saura zani ɗaya nata a kai, mai ruwan goro, wanda bai gama bushewa ba, iska na ɗaga gefensa. Ya sa hannun lafiyar a aljihu ya ciro ƙirarsa. Ya cire koren da ke riƙe da zanin ya miƙa mata, ya saita nasa a wurin, wannan karon ya janye yatsunsa da kyau. Ƙas.

Ƙarar ta isa zaure. Muka ji tiren Bibi Kwangu ya daina motsi.

Maman Sayi ta kama zanin ta ja, ta sake ja da ƙarfi. Igiyar gaba ɗaya ta girgiza, abin bai ko karkace ba.

"Wannan ai shi ne wanda ba ya saki."

"Shi ne aibinsa," in ji Mwalimu. "Sai an sa filaya."

"To ni ba ni da filaya," ta ce.

Ta ɗora ninkakkiyar rigarsa a kan zannuwanta a cikin baho, ta ɗauka ta yi gaba. Ya ɗan tsaya, sannan ya tattara sauran korayen da suka rage a igiya ya bi bayanta.